Takardar Koke Zuwa ga Mai Martaba Sarki Kan Haƙƙin Mallakar Littattafan Laburare da Ake Ɗorawa a Intanet

Zuwa ga Mai Martaba Sarki,
Ta hannun Mai Girma Sakataren Majalisar Sarki.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Mai Martaba lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa da ban girma irin wanda ya dace da uban ƙasa, mu talakawanka, tsofaffin ma'aikatan laburare da malaman makaranta da marubuta da iyalan marubutan da suka riga mu gidan gaskiya, mun durƙusa gaban Sarki da kukanmu a kan aikin ɗaukar hoton littattafan laburaren jama'a da ake zubawa a intanet. Da akwai sauran ƙofar da ba mu ƙwanƙwasa ba, da ba mu dami fada ba.

Abin da ya faru a 'yan kwanakin nan shi ya sa muka ɗauki alƙalami. Ɗan kwangilar da aka ba aikin ya kwashe littattafai kanta bayan kanta, ya yanke musu ɗauri domin ya riƙa zura takardun cikin na'ura da sauri, sannan ya ɗora duk abin da ya ɗauka a intanet ba tare da an nemi izinin kowa ba. Magadan wani marubuci suka ga littafin mahaifinsu, wanda har yau ana sayar da shi, mutane suna sauke shi kyauta. Suka aiko da takardar lauya, kuma su ke da gaskiya, ranka ya daɗe. To maimakon a cire littafin da ake magana a kai, sai aka rufe shafin intanet ɗin ɗungurungum, har da littattafan da marubutansu suka rasu fiye da shekara ɗari, waɗanda babu mai haƙƙi a kansu. Yau ɗalibi ba zai sami littafin a kanta ba, yana cikin kwali a yayyanke, ba zai kuma same shi a waya ba. An yi biyu babu, da kuɗin jama'a.

Mun sha faɗa tun kafin a kai nan. Mun rubuta wa masu kula da laburaren, mun rubuta wa ofishin da ya ba da kwangilar, an zauna da mu, an ce za a kafa kwamiti, aka sake cewa za a kafa. Har yau ba mu ga takarda ɗaya da ke nuna an duba haƙƙin littafi ɗaya ba.

Allah ya taimaki Sarki, ba ma adawa da aikin, mu ne ma muka fi kowa son sa, domin muna ganin yadda gara da laima ke cinye takarda. Amma laburaren da ya sayi littafi, takarda da tawada ya mallaka. Ikon kwafa da rarrabawa yana hannun marubuci ko wanda ya miƙa wa. Yarjejeniyar Berne, wadda aka ƙulla a 1886 kuma galibin ƙasashen duniya ke cikinta, ta sa haƙƙin ya tabbata ko ba a yi rajista ba, ko babu wata alama a jikin littafin. Mafi ƙarancin wa'adinsa shi ne rayuwar marubuci da shekara 50 bayan rasuwarsa, ƙasashe da yawa kuma, irin su Ingila da Najeriya da ƙasashen Tarayyar Turai, sun kai shi 70. Ana fara ƙirga daga ƙarshen shekarar rasuwa. Wanda ya rasu a 1950, a lissafin 70, littafinsa ya zama na kowa ranar 1 ga Janairu 2021. Kuskuren da muka gani ana yi shi ne duba shekarar bugu: a ga 1940 a bangon littafi a ce ai ya tsufa, alhali idan marubucin ya kai 1985 da rai, littafin yana da kariya har ƙarshen 2055. Idan mutum biyu suka rubuta tare, daga rasuwar na ƙarshe ake ƙirga.

Kuma littafi ɗaya yakan ɗauki haƙƙin mutane da dama. Mai fassara yana da nasa, mai zane yana da nasa, haka mai ɗaukar hoto da wanda ya rubuta gabatarwa ko sharhi a sabon bugu. Asalin rubutun zai iya zama na kowa, fassararsa ta 1990 kuwa tana da mai ita.

Saboda haka aikin yana farawa ne a kan tebur, kafin a kunna na'ura. Kowane littafi a buɗe masa layi a rajista: suna, marubuci, kamfanin ɗab'i, shekara, bugu na nawa, da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, idan akwai, domin littattafan da suka girmi wajajen 1970 ba su da ita. A nemo shekarar rasuwar marubuci, a rubuta inda aka samo ta. Wanda wa'adinsa ya ƙare a wuce da shi. Wanda bai ƙare ba a fara tuntuɓar kamfanin ɗab'i, a ce ya nuna yarjejeniyarsa da marubucin. Nan ake yawan tuntuɓe: tsofaffin yarjejeniyoyi da aka rubuta kafin zuwan kwamfuta sau da yawa ba su ambaci bugun lantarki ba, don haka kamfanin yana iya ba da izinin abin da ba nasa ba ne. Wasu kuma sun tanadi cewa idan littafi ya ƙare a kasuwa aka daina buga shi, haƙƙin ya koma wa marubuci. Idan kamfanin ya rufe ko wani ya saye shi, sai a bi ofishin rajistar kamfanoni a gano wanda ya gaji kadarorinsa, a tambayi ƙungiyar marubuta da ƙungiyar da ke karɓar kuɗin kwafa a madadinsu. Daga nan sai magada.

Izinin baki yana da wuyar tabbatarwa a gaban alƙali, shiru kuma ba yarda ba ne. Takardar izini ta faɗi wane littafi, wane bugu, a ina za a karanta shi, cikin ginin laburare kaɗai ko a buɗe ga duniya, ko an yarda a sauke shi, shekara nawa, da kuɗi ko kyauta, da yadda mai haƙƙi zai janye. Idan magada suna da yawa, kada a wadatu da sa hannun ɗa ɗaya, a nemi takardar wakilci daga sauran.

Akwai littattafan da za a yi duk wannan a rasa mai su, waɗanda ake kira marayu. Tarayyar Turai ta yi musu doka a 2012, Ingila ta buɗe hanyar ba da lasisinsu a 2014, kuma duka biyun sun shardanta bincike mai zurfi wanda aka rubuta matakansa. Inda doka ba ta buɗe irin wannan ƙofa ba, abin da ya fi aminci shi ne a ɗauki hoton domin adanawa gwargwadon yadda doka ta yarda, a kulle shi, kada a saki. A Amurka kotu ta ba Google gaskiya a 2015 kan hoton littattafan da ya ɗauka, saboda gutsure kaɗan yake nuna wa mai bincike, amma Internet Archive, wata ma'ajiyar littattafai ta intanet, ta sha kaye a 2023, ta sake sha a ɗaukaka ƙara a 2024, saboda tana ba da aron littafi sukutum. Idan masu manyan lauyoyi ba su tsira ba, ina ga laburarenmu?

Ranka ya daɗe, roƙonmu shi ne Mai Martaba ya sa baki a dakatar da ɗaukar hoton nan take, har sai an yi rajistar. A daina yanka littattafai. Akwai na'ura mai shimfiɗa kamar harafin V da ke ɗaukar shafi daga sama ba tare da an taɓa ɗauri ba, a kan ɗigo 300 a kowane inci ko fiye, kuma ita ta dace da tsohon littafi. Waɗanda aka riga aka yanka a sake ɗaure su, a kan kuɗin wanda ya yanka. A buɗe shafin da littattafan da aka tabbatar wa'adinsu ya ƙare, kada a hukunta ɗalibai da laifin da ba nasu ba. A sa adireshi a shafin inda mai haƙƙi zai kai ƙorafi, a cire littafinsa cikin kwanaki ƙayyadaddu. A nemi afuwar iyalan da aka taɓa, a rubuce, a zauna da su.

Sannan akwai abin da fada ce kaɗai za ta iya. Magadan da ofis zai shekara yana nema, mai unguwa ya san gidansu. Muna roƙon Sarki ya umarci hakimai da dagatai da masu unguwanni su karɓi jerin sunayen marubutan, su taimaka a gano iyalansu da shekarun rasuwarsu. Mu kuma mun shirya yin aikin rajistar ba tare da ko sisi ba, in dai za a buɗe mana ɗakin ajiya a nuna mana takardar kwangilar. Muna sake roƙo, Allah ya ba ka nasara, a dakatar da ɗan kwangilar nan kafin ya kai ga kantar littattafan da kwafi ɗaya ya rage.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya ja zamaninsa.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
A madadin tsofaffin ma'aikatan laburare, malamai, marubuta da iyalan marubuta.