Sun ɗaura wa ɗana ɗankwali gaban asambuli

Assalamu alaikum Hajiya. Don Allah a sakaya sunana. Daga Mabera, Sakkwato, nake rubuto miki, kwana uku ke nan ban runtsa ba.

Ranar Litinin wani malami ya fito da ɗana gaban asambuli, ya ɗauko ɗankwali ya ɗaura mai, ya ce ya yi rangwaɗa kowa ya gani tunda ya zaɓi zama ɗan daudu. Yara sunka bushe da dariya. Bayan haka ya tsula mai bulala shida. Yaro ɗan shekara 13, yana JSS 2, bai taɓa wuce na biyar ba a ajinsu. Makarantar kuɗi ce fa, da cinikin masa nake biya, ban taɓa bari an koro shi ba.

Ba zan ɓoye miki ba, tun yana ƙarami muryarsa da tafiyarsa irin ta mata ce. Shi kaɗai ne namiji cikin 'ya'yana biyar. Dangin ubansa na cewa ni na lalata shi da na sa shi gaban tanda. To Hajiya, lokacin da anka yi min aiki na yi wata huɗu kwance, yayyensa biyu suna gidan miji, wa zai soya? Wane ne cikinsu ya kawo mana ko tiya ɗaya ta gero? Ban taɓa sa mai kayan mata ba, Allah ne shaidata. Sau ɗaya na tarar da shi da kwallin yayarsa, na yi mai faɗa sosai.

Da na je makarantar, shugaban ko wurin zama bai nuna min ba. Wai iyaye na ƙorafi kada ya ɓata musu yara, wai gyara ne malamin ke yi, in ban cire shi ba kafin hutu za su kai maganar Hisba. Na ce ya taɓa wani yaro? Ya ce a'a. Ya yi zancen banza? A'a. To mene ne laifin? Shiru. Ashe tun bara yara ke kiransa da sunan mace, suna tare shi a bayan gida, shi ya sa yake riƙe fitsari har a tashi. Malamai sun sani, ba wanda ya kira ni. Mutumin nan mugu ne, na gani a idonsa, daɗi ya ji.

Na san hadisin da ya la'anci namiji mai kamanta kansa da mata, ba jayayya nake yi ba. Amma malamarmu ta Islamiyya ta taɓa faɗa mana malamai sun bambanta wanda aka halitta haka da mai ƙirƙira da gangan, na farkon a bi shi a hankali.

Na manta, ubansa direban tirela ne, yana hanyar Legas, bai sani ba tukuna, kuma yana da zafin hannu. Ƙanensa ya ce a kai yaron gidan mari. Ni kuwa ban manta da waɗanda anka fitar da sarƙa a ƙafa a Rigasa da Daura a 2019 ba. Maƙwabciyata ta ce aljana ce a yi ruƙiyya, wata ta ce asibitin masu taɓin hankali na Kware.

Jiya da dare na iske shi zaune cikin duhu, tuwonsa bai taɓa ba. Ya ce, "Inna, na yi ta ƙoƙarin gyara tafiyata, ba ta gyaruwa. Da ma in mutu ku huta." Tun lokacin na kwashe wuƙaƙe da maganin ɓera na kulle.

In na canza mai makaranta, can ma ba haka za a yi ba? Ko in kai ƙarar malamin ma'aikatar ilimi, ba tallar ɗana zan yi ba? Ubansa zai dawo Juma'a. Hajiya, me zan ce mai, kuma in faɗa gaban yaron ko in tura shi gidan yayata Gwiwa tukuna?