Ina so in kai Hajiyarmu Kofenhagen kwana uku kafin ta koma gida, amma kai ya rabu

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki, Allah Ya saka da alheri kan yadda kike warware mana matsaloli. Don Allah a sakaya sunana.

Ni 'yar Zariya ce, aure ya kawo ni Hambog ta ƙasar Jamus shekara biyar kenan, ina aikin jinya a nan. A watan Satumba Allah Ya sauke ni lafiya na samu 'ya mace, sai muka nema wa mahaifiyata biza ta zo min wankan jego, bizar kwana 90 ce kuma tsakiyar Disamba za ta cika. Anti tunda baiwar Allah nan ta sauka ba ta huta ba, ita ce ruwan zafi ita ce kunun kanwa ita ce raino cikin dare, har muka yi arba'in muka wuce ba ta san ko'ina ba sai kantin da ke ƙasan gidanmu da asibiti. Malamar firamare ce ta yi ritaya, tun rasuwar Babanmu ita kaɗai ta riƙe mu mu shida, kuma in ban da aikin Hajji ba ta taɓa fita waje ba sai wannan zuwan.

To ranar nan tana duba hotuna a wayata sai ta ci karo da wanda na ɗauka a Kofenhagen babban birnin Danmak, lokacin da wurin aiki suka tura mu kwas a watan Yunin 2022. Hoton Nyhavn ne, gidajen nan masu launi ja da ruwan ɗorawa da shuɗi jere a bakin ruwa ga jiragen katako a gabansu. Ta daɗe tana kallo tana matso da hoton, can tace "ikon Allah, wannan da gaske gari ne ko zane?" Wallahi tun daga ranar abin ya tsaya min a rai, nace sai na kai ta ta gani da idonta.

Na zauna na tsara komai. Daga Hambog akwai jirgin ƙasa kai tsaye, tafiyar kusan awa biyar, ba wahalar filin jirgi ba cire takalmi, kuma tunda duk cikin Shengen ne, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, bizarta ta wadatar, fasfo dai za mu riƙe saboda 'yan Danmak sukan duba a kan iyaka, na jaririyar ma ya fito alhamdulillahi. Niyyata mu tafi Alhamis mu dawo Asabar, na kauce wa Litinin ne da gangan don yawancin gidajen tarihinsu a rufe suke ranar. Masauki kusa da babbar tashar jirgi nake so saboda Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, in ta gaji mu koma ta miƙe ƙafa ba sai mun yi nisa ba. Jirginsu na ƙarƙashin ƙasa ba shi da direba kuma dare da rana yana aiki, kowace tasha da lifta, wannan ya kwantar min da hankali sosai saboda keken yarinya da kuma ƙafar Hajiya. Abu ɗaya da zan ta ja mata kunne a kai shi ne hanyar kekuna, don mutanen garin nan keke ne motarsu kuma gudu suke ba wasa, baƙo in bai lura ba sai ya tsaya musu a hanya yana zaton gefen titi ne.

Ban cika mana wurare ba. Ranar farko Nyhavn kawai, mu shiga jirgin ruwan nan na zagaya gari na awa ɗaya, a zaune za ta ga fada da majalisa da ɗan mutum-mutumin yarinyar ruwan nan da aka kafa tun 1913 wanda kowa ke rububin zuwa, ni da na je na ga ɗan ƙarami ne bai kai a wahalar da dattijuwa a kai ta ƙafa da ƙafa ba, daga cikin jirgi ya isa. Ranar Juma'a kuma masallaci, akwai babba a unguwar Norebro wanda ƙasar Katar ta ba da kuɗin gina shi aka buɗe a 2014, har da hasumiya, kuma unguwar cike take da Larabawa da Turkawa da 'yan Somaliya, abincin halal ba matsala, shawarma da shinkafa da gasasshiyar kaza duk akwai. Wannan ya dame ni da farko don abincin 'yan ƙasar naman alade ya yi masa yawa, ko burodin nan nasu da suke ɗora abu a kai sai ka tambaya, in ba kifi ba ne gara ka haƙura.

Amma inda na fi ɗokin kai ta shi ne wani gidan tarihi da ake kira David Collection kusa da lambun sarki, shiga kyauta ne, kuma cike yake da kayan tarihin Musulunci, tsofaffin rubutun Alƙur'ani na hannu da darduma da tangaran daga Farisa da Masar da Andalus har Indiya. Ni da na shiga sai da na yi hawaye, kuma na san Hajiya da son rubutun allo da zayyana, mahaifinta alaramma ne, na tabbata nan za ta fi daɗewa. In da sauran ƙarfi mu hau hasumiyar Christiansborg, ginin majalisar dokokinsu, ita ma kyauta ce kuma da lifta ake hawa, a ga gari gaba ɗaya. Da yamma mu leƙa Tivoli da ke daf da tasha, lambun wasanni ne tun 1843, a Disamba suna ƙawata shi da fitilu, ko ba ta hau komai ba ta ga haske.

To Anti ga inda matsalar take. Maigidana mutumin kirki ne kuma yana girmama Hajiya kamar uwarsa, amma yace bai ga hikimar abin ba. Na tara yuro 600 daga albashina don wannan tafiyar, kuma gaskiya garin akwai tsada, ba yuro suke kashewa ba kuɗinsu kurona ne, yuro ɗaya kurona bakwai da rabi, harajin kaya kawai kashi 25 ne cikin ɗari, ɗakin otel na kwana biyu zai cinye fiye da rabin abin da na tara. Shi a ganinsa in canza kuɗin in damƙa mata a hannu ta gyara rufin ɗakinta ko ta ƙara tsaraba, yace in aka juya shi zuwa naira ba ƙaramin abu ba ne. Sannan yace sanyi, kuma nan kam yana da gaskiya, ni a Yuni na je lokacin rana ba ta faɗuwa sai kusan goman dare, yanzu kuwa sai bayan takwas gari ke wayewa kafin ƙarfe huɗu an yi magariba, azahar da la'asar da magariba duk a cure suke, ga iska mai shiga ƙashi daga teku, ga jaririya 'yar wata biyu da 'yan kwanaki. Nace masa ai Hambog ɗin ma haka take, kuma can ma iyaye har barin jarirai suke a keke a waje suna barci cikin sanyin an naɗe su, yace shi dai 'yarsa ba 'yar Danmak ba ce.

Na biyu kuma wanda ya fi yi min nauyi, Yayanmu babba da ke Kaduna. Da ya ji sai ya kira ni ransa a ɓace, wai duk ƙasashen duniya in rasa inda zan kai Hajiya sai ƙasar da jaridarsu ta yi zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) a 2005, kuma aka riƙa ƙona Alƙur'ani a 2023, ga dokar hana niƙabi tun 2018. Ban musa masa ba don duk ya faru kuma ni ma yana min ciwo har yau. Na dai ce masa a Disambar 2023 majalisarsu ta yi dokar hana wulaƙanta littattafai masu tsarki, kuma akwai Musulmi da yawa da ke zaune can suna sallah suna azumi, Hajiya kuma hijabi take sawa ba niƙabi ba, babu mai hana ta. Yace shi dai bai yarda a kai kuɗinmu can ba, ya kashe waya. Tun rasuwar Baba shi ne uba a gidanmu, ban taɓa tsallake maganarsa ba.

Ita kuwa Hajiya kin san iyayenmu da kawaici, na tambaye ta har sau uku, amsarta ɗaya ce, "duk yadda kuka yi daidai ne, Allah Ya yi muku albarka". Amma shekaranjiya na shigo na same ta ta sake buɗe hoton nan tana nuna wa jaririya tana mata magana, da ta gan ni sai ta ajiye wayar.

Anti kuɗi in na ba ta na san ba a kanta za su ƙare ba, kafin sati biyu ta rabar wa jikoki da maƙwabta, haka take tun muna yara. Ni so nake sau ɗaya a rayuwarta a ce an yi wani abu don ita kaɗai, ta zauna a kawo mata abinci ba ita ta dafa ba. Kuma ban san ko za ta sake samun biza ko lafiyar wannan doguwar tafiyar ba.

Shin in na tafi bayan Yaya ya nuna bai so na yi rashin biyayya, ko in sa Kawunmu ya yi masa magana tukuna? Maigida bai hana ba, cewa ya yi in na dage zai raka mu ya riƙe yarinya, amma ina gudun ya bi ni ne ransa ba ya so. Ko in rage ta koma kwana biyu dare ɗaya in ba ta sauran kuɗin a hannu, kowa ya samu nasa? Kuma ta yaya ake sa uwa irin tawa ta faɗi abin da ke ranta?

Don Allah a taimaka a amsa min da wuri, tikitin jirgin kullum ƙara kuɗi yake kuma saura mata sati uku ta tafi.

Taki,
'yarki daga Hambog