Yaushe Aksum Ta Karɓi Kiristanci? A Daina Yanke Shekara Guda

Malam Edita, assalamu alaikum.

Maƙalar da kuka buga kan hijirar Sahabbai zuwa Habasha ta yi armashi, sai dai akwai gyara a inda aka ce ƙasar ta zama ta Kirista a shekara ta 330. Hujjojin da ke hannu ba su yanke shekara ba, tazara kawai suka bayar.

Tazarar kuwa ga yadda ake fitar da ita. Atanasiyus, bishop na Iskandariyya a Masar, shi ne ya naɗa Furumentiyus bishop na farko na Aksum, wato daular Habasha ta wancan zamani. Atanasiyus kuma a 328 ya hau kujerarsa, don haka naɗin bai riga wannan shekara ba. Sannan wajen 356 Sarkin Rum Kunstantiyus na Biyu ya aika wa Sarkin Aksum Ezana da ɗan'uwansa Sazana wasiƙa, yana neman su tura Furumentiyus Masar a binciki aƙidarsa. Tsakanin nan aka yi abin.

Sulallan Ezana sun nuna sauyin ƙarara: na farko suna ɗauke da jinjirin wata da faifai a saman kan sarki, na baya kuma gicciye. Matsalarsu ita ce ba a buga musu shekara, sai dai a jera su bisa nauyi da salon zane. Rubutun duwatsunsa ya fi rikitarwa. Da farko yana kiran kansa ɗan Mahrem, abin bautar yaƙi. Daga baya, a rubutun Gi'iz, tsohon harshen Habasha, ya ambaci "Ubangijin Sama" kawai, a na Girkanci kuwa ya fito fili da Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Wasu masana na ganin mataki biyu ne na sauya addini, wasu na ganin kowane harshe da masu karanta shi, kuma wannan ya fi kama hankali.

Babban kuskure shi ne a ɗauki addinin fada a matsayin na talakawa. A Beta Samati, arewa maso gabashin Aksum, an tono majami'ar ƙarni na 4, aka samu abin wuya mai gicciye tare da 'yan gumakan shanu da zoben zinariya mai hoton kan bijimi, alamar tsohon addini bai gushe ba. Yaɗuwar addinin a karkara ana danganta ta ne da sufayen Kirista tara da suka iso ƙarshen ƙarni na 5, sama da shekara ɗari bayan Ezana.

Ina roƙon a buga wannan gyara a fitowa ta gaba. Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Mai karatu daga Zariya