Masu masana'antu, ku sayi injin iskar da ya dace da yanayin Kano

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ɗan ba ni fili in yi magana da iyayenmu masu masana'antu a Sharaɗa da Bompai da Chalawa. Sana'ata ita ce haɗawa da gyaran manyan injinan da ke shigar da iska cikin masana'anta su fitar da zafi da tururi, kuma yau shekara 19 ina cikinta.

A bazarar da ta wuce aka kira ni wani kamfanin roba. Da shigata na ga wani matashi ya jiƙa tsumma ya ɗora a ka, gumi na ɗiga kan injin narka roba, ga warin robar har cikin maƙogwaro. Na hau rufi na buɗe injin iskar, sai ga gwanjo ne daga Turai, har da bututun ɗumama iska a ciki, domin an ƙera shi ne don ƙasar sanyi. Filtocin kuwa an zare su an jingine, sun toshe da ƙurar hunturu, ka taɓa ta zubo kamar gari. Wallahi raina ya ɓaci, don iskar da yaran nan suka fitar ita injin ke sake dawo musu da ita.

Maimaita iskar ciki dabara ce mai rage kuɗin wuta a ofis. Amma a inda ake narka roba ko jeme fata, a zuƙe tururin tun daga bakin injin a fitar da shi waje, a shigo da sabuwa. Filta kuma ta zama hawa biyu: ta farko mai kama ƙura mai kauri wadda ake wankewa, ta biyu mai laushi a bayanta.

Alhazaina, na san abin da ke ranku kuɗin wuta ne. Tun Afrilun 2024 da aka kai wutar rukunin Band A, wato masu samun wuta na awanni mafi yawa a rana, naira 225 kowane yunit, ga tsadar dizal, kowa na ƙoƙarin kashe injin. To ga hanyar da ta fi kashe injin amfani. Akwai 'yar na'urar da ake haɗa wa fanka ta riƙa rage mata gudu. In ka rage gudun da kashi 20 cikin 100, wutar da take sha kan sauka kusan rabi. Da dare, ko lokacin da layi ɗaya kaɗai ke aiki, me ya sa za ta yi ta gudu kamar ana tsakar rana?

Sannan Allah Ya ba mu busasshiyar iska daga Nuwamba har wajen Afrilu. A irin wannan lokaci, injin da ke bi da iska ta cikin jiƙaƙƙen allo yana sanyaya ta, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa, ba tare da kwamfaresa mai cin wuta ba. Da damina dai ba ya tasiri sosai, sai a rufe ruwan a bar fanka.

Ina kira ga ƙungiyar masu masana'antu ta MAN a nan Kano ta tara mu, mu da muke hawa rufin nan, kafin wani ya sake biyan kuɗin kwantenar injin da bai dace da Kano ba.

Naku,
Mai gyaran injinan sanyi, Sharaɗa, Kano