Sanarwa: a kunna gargaɗin sauya nau'in lamba

Assalamu alaikum ƴan uwa masu aiki da Fortran, harshen rubuta manhajar kwamfuta, a nan Yamai, barkanmu da aiki.

Daga ranar Litinin, kafin kowa ya turo aikinsa, ya harhaɗa shi da gfortran -Wall -Wconversion-extra, wato umarnin harhaɗa Fortran da ke kunna wannan gargaɗin. Ga dalili: in aka rubuta x = 0.1 alhali x double precision ne (nau'in lamba mai riƙe lambobi kusan 15 daidai), lambobi kusan 7 kaɗai ke zama daidai maimakon 15, kuma shiru kake ji, lissafi ya gurɓace. A rubuta 0.1d0. Haka ma 1/2, sifili yake bayarwa, sai an sa 1.0d0/2.0d0.

Don Allah kada a kashe gargaɗin. A gyara layin, ko a sauya nau'in a fili da dble() (mai mayar da lamba double precision) ko nint() (mai mayar da ita cikakkiyar lamba mafi kusa).

Wanda abin ya shige masa duhu ya zo ɗakin kwamfuta ranar Asabar bayan la'asar, mu duba tare.

Allah ya bar zumunci.