Wasiƙa zuwa ga Mamana, kan ɓerayenki da rinin nan

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai.

Saƙonki ya iso, na karanta shi har sau biyu. Kin ce rinin da kike yi wa ɓeraye allurarsa don gwada ko shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa yana yoyo ya bayyana a ƙwaƙwalwar ɓerayen da kika sa wa maleriya, ya kuma bayyana a ta lafiyayyun, har zuciyarki na raya miki ki ture sakamakon lafiyayyun gefe. Kul, Mamana, kada ki yi haka. Shekara talatin na yi a ɗakin gwaje-gwaje, na san yadda gajiya ke sa mutum ya kau da kai.

Kafin komai, kin wanke jinin sosai kuwa? Rinin Evans blue yana manne wa albumin ne, wato wani furotin da ke cikin jini. Duk ɗan jinin da ya maƙale a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, na'ura za ta ƙirga shi kamar ya ƙetare shinge, alhali ko motsi bai yi ba. Ki tura ruwan gishirin wanke jinin ta zuciya sannu a hankali, idonki a kan hanta, har sai ta kode, ruwan da ke fitowa ya zama garau. Idan kika matsa da ƙarfi, da hannunki za ki fasa ƙananan jijiyoyin, ki haifar da yoyon da babu shi. Ni ma na taɓa yin wannan gaggawar ina saurayi, aikin mako uku ya tashi a banza.

Shi kuma ɗaya rinin mai ƙyalli, sodium fluorescein, nauyin ƙwayarsa dalton 376 ne kacal (dalton ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari ne), albumin da Evans blue ke manne wa kuwa ya kai wajen 66,000. Ƙaramin zai bi ta kafar da babban ba zai iya ba, don haka kada ki sa ran amsarsu ta zo ɗaya. Haske yana kashe wa fluorescein ƙyalli, ki naɗe kwalaben da takardar alminiyam. Ki ɗebi jinin kowane ɓera ki auna, ki kuma ajiye ƙwaƙwalwar wanda ba a yi wa allura ba, domin naman da kansa yana ɗan ƙyalli.

Tun 1885 masanin kimiyya Paul Ehrlich ya ga rini ya kama gaɓoɓin dabba ya bar ƙwaƙwalwa. Sai a 1913 ɗalibinsa Edwin Goldmann ya zuba rini cikin ruwan ƙwaƙwalwa, ta rinu. Kin ga tsawon lokacin da suka ɗauka. Wata shidanki bai isa ya karya miki gwiwa ba.

Har yau ina tuna daminar da aka kawo ɗan maƙwabcinmu asibiti, yana fizge-fizge, idanunsa sun kafe. Ni na duba jininsa. Kwana biyu ya yi, Allah ya jiƙansa. Shi nake tunawa duk lokacin da kika ambaci aikinki.

Ki kai wa malaminki duka alƙaluman, har waɗanda ba su yi miki daɗi ba. Ummanku tana gaishe ki, ta ce dambun naman yana hanya.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki