Wasiƙar godiya ga wani garejin gyaran birki a Panteka

Assalamu alaikum.

Zuwa ga maigidan gareji da yaransa, masu gyaran birki a Tsohuwar Panteka, Kaduna.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a fili ne saboda godiyar da na yi muku baki da baki ba ta ishe ni ba, kuma ina so masu mota a garin nan su san irin aikin da kuke yi.

Aiki yana sa ni bin hanyar Kaduna zuwa Zariya a kai a kai, kuma duk mai bin titin ya san tirela da tanka ba sa jiran kowa. Da birkin motata ya fara laushi, in na taka sai ya nutse kafin ya kama, hankalina ya tashi. Inda na fara kai ta, ko taya ba a kwance ba aka ce masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, ta mutu, faifan da birki ke kamawa a cikin taya ya cinye, a sayo sababbi gaba ɗaya.

Oga, kai ba ka faɗi kuɗi ba sai da ka sa aka ɗaga motar, aka cire tayoyin huɗu, ka kira ni na tsuguna na gani da idona. Masta lafiyarta ƙalau, faifai ma haka. Tiyon roba da ke kai mai ga tayar gaba ne ya tsage yana tsiyaya, man birkin kuma ya yi baƙi ƙirin.

Bayanin da ka yi mini a kan man nan ya fi komai tsaya mini a rai. Man birki yana jan danshi daga iska, ga daminar Kaduna mai tsawo. Sabon man birki irin wanda ake kira DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai wajen digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa kusan 155. Idan birki ya ɗauki zafi a doguwar tafiya, sai man ya tafasa, tururi ya cika layin, direba ya taka ya ji babu komai a ƙafarsa. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a sauya shi duk bayan shekara 2, ko da bai ragu ba. Ka nuna mini lambar irin man da ya dace da motar, wadda ke rubuce a murfin tankin man, ka fasa sabuwar kwalba a gabana, ka kuma ja kunnena kada in taɓa yarda a zuba man inji a wurin, domin yana kumbura robobin ciki ya kashe birkin baki ɗaya.

Takalmin birkin baya na gefe ɗaya ya sirance, na tambaya ko za a sauya shi kaɗai. Ka ƙi. Ka ce hagu da dama tare ake sauyawa, in ba haka ba mota ta riƙa fizga gefe guda duk lokacin da aka taka. Ka ajiye mini gangariya da jabu a hannu, ka faɗi kuɗin kowanne, sannan ka ce jabu ba za ka ɗaura da hannunka ba. Wallahi wannan ƙin ya ƙara maka daraja a idona.

Kaduna gari ne da ya daɗe da sanin mota, tun da aka fara haɗa Peugeot a Kakuri a 1975, don haka ƙwararru ba su yi mana ƙaranci ba. Amana ce take wuyar samu. Ga 'yan uwana masu neman inda za su kai birki, ku lura da bakaniken da zai duba kafin ya yanke kuɗi, ya bar ku ku tsaya a kan aikin, ya miƙo muku tsofaffin kayan da ya cire. Nan duk an yi mini haka, har a leda aka ƙulle mini tsohon tiyon. Kuma sai da Oga ya shiga motar muka zagaya, ya gwada birkin da kansa, kafin ya karɓi ko sisi.

Ina kuma gode wa ƙaramin yaron da ya zauna a kujerar direba yana ta taka birki ana fitar da iska daga taya zuwa taya, cikin rana, bai nuna gajiya ba. Allah Ya sa ya yi 'yanci lafiya, ya buɗe nasa garejin da irin wannan tarbiyya. Allah Ya yi wa sana'arku albarka, Ya tsare hannayenku.

Naku,
Wani malamin makaranta daga Unguwar Rimi, Kaduna